Littafi, waya ko sitatus: ina ya kamata ka riƙa ajiye abubuwan dariyar ofis da na hanyar gida?

Duk mai fita aiki da safe ya dawo da yamma ya san abin nan, a wuni ɗaya sai ka ga abin da zai sa ka dariya har da riƙe ciki, ka ce wallahi ina zuwa gida sai na ba su labari, amma kana isa ka cire takalmi ka zauna shi ke nan, abin da ya rage maka kawai shi ne "yau fa an yi wani abin dariya a ofis", ainihin kalmar da aka faɗa ɗin, wadda ita ce ta sa kowa ya fashe, ta gudu. Kuma ba ƙwaƙwalwarka ce ke da matsala ba. Tun 1885 wani masani ɗan Jamus mai suna Hermann Ebbinghaus ya gwada a kan kansa ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, daga baya ne take lafawa. To tsakanin tashi daga aiki da isa gida, nan ne asarar take faruwa.

Idan ka fara tunanin riƙa ajiye irin waɗannan abubuwan amma ka rasa ina, ga hanyoyi shida da aka fi bi: ƙaramin littafi da biro, manhajar rubutu ta waya, tura wa kanka saƙo a WhatsApp ko Telegram, ɗaukar murya, hoto ko bidiyo, sai kuma ɗorawa a sitatus ko Facebook.

Abin da zan auna su da shi

Na farko kuɗi, har da data da gurbin ajiya na waya don su ma kuɗi ne. Na biyu daɗewa, wato nan da shekara biyar idan ka nema za ka samu? Na uku sauƙi, kuma a nan ba sauƙin mutumin da ke zaune a falo nake nufi ba, ina nufin kana tsaye a bas hannu ɗaya riƙe da ƙarfe ɗaya da jaka, ko kana tsakiyar mitin oga na kallon kowa. Na huɗu haɗari, wanda ni a wurina ya fi sauran nauyi, saboda labarin dariya kusan kullum akwai wani mutum a cikinsa, abokin aiki ko oga ko wani bawan Allah da kuka haɗu a mota wanda bai san ma ka lura da shi ba. Sai na biyar da ba kowa ke tunawa da shi ba: shin hanyar tana riƙe dariyar kanta, ko bayanin abin da ya faru kawai take riƙewa?

Littafi da biro

Wannan yana da arha, illa dai idan ya cika sai ka sayi wani. Ba ya son caji, ba ruwansa da netwok, ba wani kamfani da zai rufe maka shi, idan ka ajiye shi inda ba laima jikokinka ma za su karanta. Abokan gabarsa biyu ne, ruwa da mantuwa a kujerar mota, kuma tunda kwafi ɗaya ne tak idan ya tafi ya tafi ke nan. Ƙaramar shawara a nan, tawadar biro mai ruwa-ruwa tana narkewa idan ruwan sama ya taɓa ta, fensir kuwa ba ya narkewa sai dai ya ɗan gogu. Kuma don Allah kar ka riƙa rubutu a bayan rasit ɗin nan mai santsi ka ce za ka ajiye, irin takardar tana baƙi idan ta ji zafi.

A ofis littafi ba shi da na biyu. Kana rubutu a mitin kowa ya ɗauka bayanin oga kake ɗauka, alhali da waya ka ciro da tuni an harare ka. Akwai wani mitin da aka yi, wasu muna ɗaki wasu sun shigo ta intanet daga gida, oga ya ɗosana a gefen tebur yana bayani, sai kawai wata murya ta fito daga sifika da ƙarfi: "Sauka daga kan teburin nan kafin in taso!" Ashe abokin aikinmu ne da ya manta bai kashe makirfo ba yake yi wa ɗansa faɗa. Oga bai ce komai ba, a hankali ya zame ya koma kujera ya ci gaba da magana kamar ba a yi ba. Irin wannan idan ba a take ka rubuta "kafin in taso" ɗin nan ba, da yamma sai ka ji kana cewa "wani ya manta bai kashe makirfo ba", wanda ba zai sa kowa dariya ba.

A hanya kuwa littafi wahala ne, mota na girgiza rubutun ya zama wanda kai kanka ba za ka iya karantawa ba, a tsaye kuma ba ma zai yiwu ba. Nemo tsohon labari ma sai ka yi ta buɗe shafi. Haɗarinsa ɗaya ne amma babba: ba shi da kalmar sirri, ka bar shi a kan tebur ka fita duk wanda ya buɗe ya karanta. Shi ya sa kar ka taɓa rubuta cikakken sunan kowa a ciki, harafi ɗaya ya isa.

Manhajar rubutu ta waya

Google Keep, Notes na iPhone, Samsung Notes da ire-irensu. Kyauta suke, kuma rubutu ba ya cin komai, ko shekara kake rubutawa kullum da wuya ya kai nauyin bidiyo ɗaya gajere. Keep yana aiki ko ba data, idan netwok ya dawo sai ya tura zuwa asusunka na Google, don haka ko an sace wayar kana shiga asusun a wata sabuwa za ka tarar da kayanka. Idan ka goge abu bisa kuskure Keep yana riƙe shi kwana 7 a kwandon shara, na iPhone kwana 30. Abin lura shi ne tun ƙarshen 2023 Google ya ce yana iya goge asusun da aka shekara 2 ba a taɓa ba, to kar ka zuba labaranka a wani tsohon asusu da ba ka shiga.

Babban abin da ya fi littafi da shi shi ne nema. Ka rubuta "firinta" kawai duk labaran firintar ofis su fito maka. Da hannu ɗaya ma ana iya rubutu. Abin da ke ɓata rai shi ne gyaran kalma na kai tsaye da ke juya Hausa ya mai da ita wani abu daban, maganinsa ka saka Hausa a allon rubutun, Gboard, allon rubutun Google, yana da ita har da ƙ da ɗ da ɓ.

Wajen sirri ba ɗaya suke ba. Na iPhone da na Samsung suna ba ka damar kulle rubutu ɗaya da kalmar sirri ko yatsa, Keep ba shi da wannan, duk wanda ka miƙa wa wayar a buɗe zai iya gani. Sannan wannan ka riƙe shi da kyau: kar ka yi irin wannan ajiyar a wayar kamfani ko asusun imel na wurin aiki. Asusun nasu ne, masu kula da kwamfutocin suna da iko a kansa, kuma ranar da ka bar aikin za a rufe shi da duk abin da ke ciki.

Tura wa kanka saƙo

Tun ƙarshen 2022 WhatsApp ya ba da damar mutum ya buɗe hira da lambarsa, Telegram kuma ya daɗe da wurin ajiye saƙonni na kai. Ni dai a ganina wannan ce hanyar da ta fi sauri duk cikinsu, ba don wata fasaha ba sai don yatsanka ya riga ya saba da hanyar, ba sai ka yi tunani ba. Rubutu, murya, hoto duk wuri ɗaya, kowanne da rana da lokacinsa a jiki. Ka maƙale hirar a sama, WhatsApp yana barin a maƙale guda 3, sai ta zama kana buɗewa ita za ka fara gani.

Daɗewarsa ce ke da sharaɗi. Saƙonnin WhatsApp a cikin wayarka suke zaune, idan ba ka kunna ajiya ta biyu a intanet ba, waya na faɗawa ruwa komai ya bi ta. Idan ka kunna kuma, a Android tana cin gurbi daga gigabait 15 ɗin da Google ke bayarwa kyauta, wanda Gmail da hotunanka ma daga ciki suke ci, a iPhone kuwa gigabait 5 ne kacal na iCloud, ya cika sai ka biya ko ka yi goge-goge. Asusun kuma a jikin lambar waya yake, WhatsApp kan goge asusun da ya yi kwana 120 ba a hau ba. Ka kuma duba ko saƙo mai ɓacewa da kansa a kunne yake, mai awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, don idan a kunne yake kana tarawa ne yana zubewa. Telegram ya fi sauƙi ta nan tunda a rumbunsu yake ajiyewa, duk na'urar da ka shiga za ka gani, sai dai wannan ajiyar ba ta da irin kullen nan na daga kai sai kai da WhatsApp ke yi wa saƙonni tun 2016.

Haɗarin kuwa kowa ya san shi, hirar kanka tana nan kusa da guruf ɗin ofis, ga gajiya ga mota na girgiza, yatsa ya zame sau ɗaya labarin oga ya faɗa inda oga yake. E akwai gogewa ga kowa, har kusan kwana biyu ana iya yi, amma wanda ya riga ya karanta ya karanta. Dabarar da ta fi ita ce ka canza wa hirar kanka hoton bango zuwa wani launi daban, yadda idonka zai gane inda kake tun kafin ka danna.

Murya

A nan ne ma'auni na biyar ɗin ya fi fitowa. Akwai labarin da rubutu ba ya iya ɗauka sam. Wata yamma a bas wata mata ta saka abin kunne a ƙarƙashin mayafi tana waya, ba a ganin komai, wani dattijo na zaune kusa da ita. Ta ce "Ka isa gida?" Dattijo ya ce "Tukuna dai 'yata, saura tasha biyu." Ta ce "To yaya ƙafar taka?" Ya ce "Da sauƙi, sai dai idan na daɗe a tsaye." Sai da ta ce "Ba ni ita mu gaisa" sannan ya juyo ya kalle ta da kyau, ita ma ta kalle shi, suka fashe da dariya tare, rabin motar ma aka taya su. Ladabin da ke cikin muryar dattijon nan, da ɗan shirun da ya yi kafin ya juyo, su ne labarin, kuma sai da baki ake iya kwaikwayonsu.

Kuɗinsa kaɗan ne, minti ɗaya na rikodin mai kyau yakan ci wajen megabait ɗaya, na WhatsApp ma bai kai haka ba. Matsalarsa uku. Ba ka iya yi a ofis ko cikin mota tunda mutumin da kake ba da labarinsa yana jinka, sai ka sauka kana takawa zuwa gida. Iska da hon suna shiga. Sannan nema, idan ba ka sa wa kowanne suna ba bayan wata uku za ka tarar da jerin rikodin masu lamba kawai ba ka san wanne ne wanne ba, dole ka saurara ɗaya bayan ɗaya.

Akwai bambanci babba tsakanin ka ɗauki muryarka kana ba da labari da ka naɗi muryar mutane a ɓoye. Na farko naka ne. Na biyu cin amana ne ko da doka ba ta ce komai ba, a wasu wuraren kuma dokar ta ce, a Jamus laifi ne naɗar maganar mutum ta sirri ba da yardarsa ba, a jihar Kalifoniya ta Amurka ma sai duk masu hirar sun yarda. Kamfanoni da yawa kuma sun hana a ƙa'idarsu ta aiki.

Masu tuƙa kansu, ku bari sai kun faka. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, wato daƙiƙa 3 da za ka yi kana laluben inda za ka danna ka yi mita 50 ba ka ga hanya ba.

Hoto da bidiyo

Ba zan daɗe a nan ba. Abin dariya ba ya jira, kafin ka ciro waya ka buɗe kyamara an gama. Ga nauyi, minti ɗaya na bidiyo mai kyau yakan ci megabait 60 ko fiye, shi ne ke fara cika waya. Inda hoto ya yi fice shi ne abin da ba ya motsi kuma ba mutum ba: rubutun da ke bayan babbar mota, sanarwa mai kuskuren da ya juya ma'anarta, takardar gargaɗin da wani ya manna a jikin firinta wani kuma ya zo ya ba shi amsa a ƙasa da biro. Amma ɗaukar wanda barci ya sace a mota baki buɗe, ko abokin aiki da kujera ta kayar, wannan ban goyi baya ba ko kaɗan, mutum ya fito neman halalinsa ya gaji bai kamata ya wayi gari ya ga fuskarsa na yawo a wayoyin mutane ba. A ofis kuma ka duba bayan hoton, allo da fuskar kwamfuta da takardun kan tebur sukan fito da sirrin aiki ba ka lura ba.

Sitatus da Facebook

Wannan ce ta fi daɗi a take, ka ɗora cikin minti biyar an fara turo maka dariya, wani ma ya ƙara da nasa labarin, gajiyar hanya ta ragu. Data kawai take ci. Amma sitatus ba ajiya ba ce, awa 24 ya ɓace. Facebook yana riƙewa har ya riƙa tuno maka bayan shekara, sai dai asusun ana iya ƙwace shi ko a rufe. Haɗarinta ya fi na kowacce, ko ka ɓoye wa oga akwai wanda zai yi sikirinshot ya kai masa, kuma ko ba ka faɗi suna ba 'yan ofis sun san wa kake nufi, shi ma ya sani. Abin da aka yi dariyarsa tare a ɗaki, idan ya fita waje yakan koma kamar tonon silili. Kafin ka ɗora ka tambayi kanka, da shi mai labarin zai gani, zai yi dariya ko zai yi shiru? Labarin dattijon bas zai wuce wannan gwajin tunda shi ma ya yi dariyar kuma ba wanda ya san shi. Na oga da tebur kuwa gara ya kwana biyu tukuna, ko ya tsaya a cikin gida.

| Hanya | Kuɗi | Daɗewa | Sauƙi a ofis | Sauƙi a hanya | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Littafi | kaɗan | sosai, idan bai ɓata ba | sosai | da wuya | duk wanda ya tsinta ya karanta |
| Manhajar rubutu | kyauta | sosai, idan asusu na raye | matsakaici | da sauƙi | kaɗan, ban da a wayar kamfani |
| Saƙo ga kai | data kaɗan | sai da ajiya ta biyu | matsakaici | ya fi kowa | turawa guruf bisa kuskure |
| Murya | kaɗan | matsakaici, nema da wuya | ba ya yiwuwa | sai ka sauka | babba idan muryar wasu ce |
| Hoto da bidiyo | yana cin gurbi | sai da ajiya ta biyu | da wuya | abin kan wuce | mutuncin mutane, sirrin aiki |
| Sitatus da Facebook | data | awa 24, ko muddin asusu | da sauƙi | da sauƙi | mafi girma |

To wacce za ka ɗauka

Idan yawancin dariyarka a mitin da kan tebur take faruwa, littafi ƙarami da zai shiga aljihu, ba suna a ciki, kuma ya riƙa bin ka gida kar ya kwana a durowa.

Idan a bas ko jirgin ƙasa kake cinye awa ɗaya biyu kullum, tura wa kanka saƙo. Ba sai ka rubuta labarin duka ba, ainihin maganar da aka faɗa da kalma biyu uku da za su tuna maka wurin sun isa, sauran ka cike idan ka isa gida. Ga mafi yawan mutane wannan nake ba shawara, da sharaɗin ka kunna ajiya ta biyu, kuma duk ƙarshen wata ka kwashe masu kyan ka zuba a manhajar rubutu inda za ka iya nema.

Idan kana da burin wata rana ka haɗa su su zama rubutu mai tsawo ko gajerun labarai, kai tsaye manhajar rubutu, kowanne da kwanan wata da kalma ɗaya ta nema, kamar "lifta" ko "kwandasta".

Idan kai mai kwaikwayon murya ne, irin wanda gida ke jira ya dawo a sha dariya, yi rikodin muryarka tsakanin tasha da ƙofar gida ka sa masa suna a take. Mai tuƙi shi ma murya ce tasa, bayan ya kashe mota.

Wanda kuma ba ajiya ce ta dame shi ba, so yake a yi dariyar tare yanzu-yanzu, ya tura wa mutum biyu uku da ya yarda da su waɗanda ba sa aiki a wurin. Idan sitatus ɗin dai yake so, ya fara rubutawa a hirar kansa, ya cire suna da duk abin da zai sa a gane mutumin, ya bari sai washegari da safe ya sake karantawa sannan ya ɗora.